Wane labari ƙungiyarku ke ba kanta? Darasi daga Birnin Kudu da Gwaram

Yau tafiya za mu yi zuwa kudancin Jigawa.

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil, ya wuce Kwanar Huguma ya nufi Birnin Kudu, duwatsu ne za su fara yi masa maraba. Manya-manya, wani a kan wani, kamar da hannu aka jera su. A cikin kogunan wasu daga cikinsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Shanun ba su da tozo, wato ba irin waɗanda muke gani a kasuwar Sara ba ne yau. A shekarun 1950 wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kan waɗannan zane-zane da kuma duwatsun wurin masu amo, waɗanda in ka ƙwanƙwasa su sai su yi ƙara kamar kuge. Masu binciken wancan lokaci sun kuma rubuta cewa amare da ƙawayensu kan je wurin a lokacin biki. Daga baya gwamnati ta sa wuraren cikin jerin kayan tarihin ƙasa, yanzu kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke kula da su.

To, ga tambaya. Kafin Fagg ya zo, kafin a ɗauki maigadi a sa masa albashi, wa ya tsare waɗannan zane-zane? Ni dai a fahimtata, labari ne ya tsare su. Mutanen gari sun san wurin yana da ma'ana a rayuwarsu, uwa ta gaya wa 'yarta, kaka ta gaya wa jikarta, don haka babu mai zuwa ya yi musu ta'adi. Ba kira nake yi a koma wa waccan al'ada ba, zamani ya wuce da ita. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, matashin da bai taɓa jin labarin dutsen ba, in ya kalle shi yau, lissafin tifa nawa ta tsakuwa za ta fito yake yi.

Haka ƙungiya take. Ko ta matasan unguwa ce, ko ta manoma, ko kamfani, ko jam'iyya, ko ma gwamnati.

Kundin tsari daban, labari daban

Kusan kowace ƙungiyar matasa da na sani tana da kundin tsarin mulki. Galibi a shagon kwamfuta aka kwafo shi daga na wata ƙungiyar, aka sauya suna. Shugaba, mataimaki, magatakarda, ma'aji, mai binciken kuɗi, jami'in hulɗa da jama'a. Manufa: kawo ci gaba da haɗin kai. Wallahi da wuya ka sami mutum biyu a ƙungiyar da suka karanta shi har ƙarshe.

Amma akwai wani kundin da ba a rubuta ba, wanda kowa ya haddace. Shi ne abin da ake gaya wa sabon shiga a majalisa bayan sallar isha'i: yadda aka fara, wa ya tsaya a lokacin da aka shiga matsi, wa ya ci amana aka kore shi, ko kuma wa ya ci amana aka tafa masa. Wannan labarin shi ke gaya wa 'yan ƙungiya mece ce matsalar da suka taru a kanta, su wa ake nufi in an ce "mu", wane abu ne abin kunya, kuma in kuɗi ya shigo, ina zai fara zuwa. Tsarin shekara 10 ko 20 daga nan yake fitowa, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba.

Don kada a ce zancen baki nake yi, bari mu ɗauki misalin da ya faru a ƙasarmu, wanda mutanen Birnin Kudu da Gwaram suka gani da idonsu.

Matasa takwas da labari ɗaya

Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. A cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu, akwai kuma Maitama Sule da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, waɗanda a lokacin shekarunsu ba su wuce 21 ba. Ka ji fa, sa'o'inmu ne. Malam Aminu Kano ya zama shugaban jam'iyyar a 1953.

Ba su da kuɗi, ba su da gwamnati, ba su da fada. Abin da suke da shi labari ne, kuma ba su suka ƙirƙire shi ba, a bakin jama'a suka tsince shi. Labarin talakan da ke noma shekara guda, a zo a karɓi haraji ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Labarin makiyayin da ake ƙirga masa shanu a karɓi jangali. Labarin aikin tilas, da ɗan doka, da kotun da mai ƙara da mai shari'a duk 'yan gida ɗaya ne. Kowane ƙauye yana da nasa irin wannan labari, har da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a lokacin gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Abin da NEPU ta yi shi ne ta ɗinke waɗannan labarai wuri guda, ta ce wa talaka halin da yake ciki tsari ne da mutane suka shimfiɗa, kuma da ƙuri'a za a iya sauya shi.

Dubi yadda wannan labari ya tsara tafiyar jam'iyyar. Tunda talaka ne gwarzon labarin, sai ta nemi mambobinta a cikin teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da ƙananan 'yan kasuwa. Tunda ƙuri'a ce makamin, sai ta dage a kan zaɓe kai tsaye, musamman bayan 1951, lokacin da ta yi rawar gani a matakin farko na zaɓe amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya hana ta kaiwa majalisa. Sai ta dage a kan a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a shekarun 1970. Sannan tunda labarin ya riga ya ce za a sha wuya, ɗauri da bulala ba su tarwatsa su ba. Wanda aka ɗaure in ya fito, ƙarin daraja yake samu. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ta fita sau da yawa, kuma kowane shiga ƙarin babi ne a labarin.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. A 1966 sojoji suka rushe duk jam'iyyu. In da kundin tsari da ofis da katin jam'iyya ne ƙungiya, da shi ke nan, an binne ta.

1979: ranar da labari ya zama doka

Shekara 12 babu jam'iyya. Amma a shagunan teloli da rumfunan kasuwa da zaurukan gidaje, ba a daina ba da labarin ba. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, sai ga shi ya fito da sabuwar riga, PRP, mai alamar mabuɗi. A zaɓen 1979 ta ci jihar Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Abdulƙadir Balarabe Musa. Kada a manta, a lokacin duk Jigawa cikin jihar Kano take, sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire ta.

Me waɗannan gwamnoni suka fara yi? Soke haraji da jangali. Ga hanyoyi, ga asibitoci, ga rijiyoyi duk suna jira, amma da haraji aka fara. In ka kawo masanin tattalin arziki zalla, mai yiwuwa ya ce a dakata, ai wannan hanyar kuɗin shiga ce ta ƙananan hukumomi. Sai dai mutanen da suka shekara kusan 30 suna ba da labarin mai karɓar haraji ba za su hau mulki su bar shi yana zagaya ƙauyuka ba. Tun 1950 aka yanke wannan shawara, a 1979 sa hannu kawai aka yi.

Haka sauran ayyukan. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, don talakan da bai iya karatu ba kowa na iya juya shi, kuma hukumar ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Ta ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu tun kafin gwamnatin tarayya ta yi. Ta kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha. Kowanne in ka bi saiwarsa, a wancan labari za ka same ta.

A wannan zaɓe na 1979 ne wani matashi ɗan shekara 31 daga ƙauyen Bamaina ya tafi Majalisar Wakilai a Legas yana wakiltar Birnin Kudu a PRP. Sunansa Sule Lamido.

2007: jam'iyya ta sauya, labari bai sauya ba

Wannan fili ba na kamfe ba ne, kuma ba na zo yabon wani ko sukar wani ba. Masu karatunmu suna cikin jam'iyyu daban-daban, kowa da ra'ayinsa a kan Alhaji Sule Lamido. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da kowa ya gani.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. A ƙarshen shekarar sojoji suka sake rushe jam'iyyu. Lamido ya shiga SDP ya zama sakatarenta na ƙasa, daga baya yana cikin waɗanda suka kafa PDP, ya yi ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003. Ranar 29 ga Mayu, 2007 aka rantsar da shi gwamnan Jigawa a PDP, jam'iyyar da ta tara 'yan tsohuwar NPN da 'yan tsohuwar PRP a inuwa ɗaya.

Duk da haka, da me gwamnatinsa ta fara? Da dokar ba masu buƙata ta musamman alawus na naira 7,000 duk wata. Don ka gane nauyin kuɗin a lokacin, mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta tanada naira 5,500 ne. A 2008 aka shirya Taron Talakawa a Dutse, inda aka juya tsarin da aka saba: talakawa ne suka riƙe makirufo suna faɗin halin da suke ciki, manyan baƙi da sarakuna da shugabannin addini suna zaune suna saurare. Filin da aka yi taron sunan Malam Aminu Kano aka sa masa. Gwamnatin ta kuma ayyana ilimi kyauta ga 'ya'ya mata, wanda in ka duba, jikan wancan kira ne na NEPU a kan 'yancin mata.

Ƙirga ka gani. Daga 1950 zuwa 2007 shekara 57 ke nan. An rushe NEPU, an rushe PRP ta Jamhuriya ta Biyu, an rushe SDP. Yawancin waɗanda suka zauna a wancan taro na farko sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya. Amma labarin da suka ɗinka shi ne ya zaɓi abin da wata gwamnati za ta fara kashe wa kuɗi a jihar da ko sunanta babu a lokacinsu. Nuna min takardar tsare-tsaren da ta taɓa yin wannan nisan kwana.

Wani abin lura kuma, ba duka labarin aka ɗauko ba. Gwamnatin 2007 ta riƙe ɓangaren tausayin talaka, ta ajiye ɓangaren fito-na-fito da masarautu. Dalilin haka yana cikin abin da ya faru a baya.

Labari ma yana jefa mutum rami

Tun kafin a yi nisa da mulki, PRP ta rabe biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo. Su Rimi da Balarabe a gefe guda, masu biyayya ga Malam a ɗaya gefen, kowane ɓangare yana cewa shi ne ke riƙe da aƙidar ta asali. Labari ɗaya, fassara biyu, gida ya tsage. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. A watan Yulin shekarar, bayan gwamnatin Kano ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, rikici ya ɓarke a birnin, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Labarin da ya ce sarauta ce abokiyar gaba an gina shi ne a zamanin da En'e ke riƙe da kotu da 'yan doka da gidan yari. Kafin 1981 duk an karɓe waɗannan daga hannun sarakuna, jama'a kuma suna kallon sarkinsu da wani ido daban. Labarin bai bi zamani ya gyaru ba.

Har yau ana jan rigar wannan gado. Jar hular Kwankwasiyya ma da Malam Aminu ake danganta ta. Kusan duk ɗan siyasar Kano da Jigawa, in ya hau mumbari, sai ya ambaci talaka. Amma a rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen Jigawa ne suka faɗa ciki. Naira 7,000 ta 2007 kuma yau ba za ta yi maka cefanen mako ba, tunda mafi ƙarancin albashi kansa ya kai naira 70,000 a 2024. Labari yana nuna maka inda za ka dosa. Guzuri da lissafi da riƙon amana aikinka ne.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Japan, kamfanin Toyota har yau yana ba sababbin ma'aikata labarin Sakichi Toyoda, wanda a 1924 ya kammala injin saƙa mai tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Ɗansa Kiichiro ya kafa kamfanin motocin a 1937, kuma daga wancan labari aka ɗauko ƙa'idar cewa ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya a tsayar da aiki in ya ga matsala. A Amurka kuwa, injiniyan kamfanin Kodak ne ya ƙera kyamarar dijital tun 1975, amma kamfanin ya saba gaya wa kansa cewa shi sarkin fim ɗin ɗaukar hoto ne, a nan ribarsa take. Ya yi ta jan ƙafa har ya durƙushe a 2012. A nan Afirka, Ruwanda ta ɗauki tsohuwar al'adarta ta aikin gayya, umuganda, ta mayar da ita aikin ƙasa a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Mu da muke da gayya tun kaka da kakanni, me muka yi da tamu?

Gizo ko gayya?

Bari in kawo maganar gida. Na taɓa zama a wata ƙungiyar matasa a wani gari da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ba zan faɗi sunanta ba, don da ni aka yi laifin. Mun kafa ta ne bayan wata damina da ruwa ya shiga gidaje saboda kwalbatoci sun toshe. Muka ari shebur da baro, muka yashe su. Muka mayar da abin al'ada, duk kafin damina sai mun fita. Mata na aiko mana da kunu, dattawa na sa mana albarka. In sabon yaro ya shigo, abin da ake fara gaya masa shi ne, mu ne muka hana ruwa cin unguwar nan.

Sai zaɓe ya zo. Wani ɗan takara ya aiko mana da riguna da kuɗin mai da alkawarin ofis. Ba mu sauya ko harafi ɗaya a kundinmu ba, amma hirar majalisa ta sauya. Aka daina zancen ranar da muka kwana cikin taɓo, aka koma zancen ranar da muka cika fili har mai gida ya kira shugabanmu da sunansa. Yaran da suka shigo a wannan lokaci labari na biyu kawai suka sani, mu yaran wane ne. Mai gida ya faɗi zaɓe, taro ya watse, asusu ya zama babu mai iya bayaninsa. Damina ta gaba ruwa ya koma gidajen da ya saba shiga.

A garin nan dai akwai wasu dattawa masu gyaran maƙabarta. Ba su da hatimi, ba su da shafin Facebook, ba su taɓa zuwa gidan gwamnati ba. Tun ina yaro nake ganinsu, yanzu 'ya'yansu ne ke riƙe da fatanyar. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu, na ce, Baba, ku me ya hana ku watsewa? Amsar da ya ba ni ba ta wuce labarin yadda mahaifinsa ya riƙa kama hannunsa yana kai shi wurin ba, yana nuna masa cewa nan ne gidan kowa.

Mu Hausawa labarai iri biyu muka tashi da su. Akwai na Gizo, mai wayon da ke cinye rabon kowa ya tsira, a yi dariya. Akwai na gayya, inda ake taruwa a nome gonar wanda ba shi da lafiya, ko a ɗora wa maƙwabci jinka. Tatsuniyar Gizo an yi ta ne don yaro ya gane mayaudari, amma a ƙungiyoyi da yawa ta juye ta zama abin koyi. Ma'ajin da ya cinye kuɗi a ce ai ɗan gari ne, ya waye. Wanda ya dawo da canji a ce bai san inda ke masa ciwo ba. Ƙungiyar da irin wannan hira ke yawo a cikinta, ko wane ƙwararre ne ya rubuta mata tsarin shekara 10, ba za ta kai shekara uku ba.

Ko tarihin yankin ma ana iya ba da shi ta fuska biyu. A ƙarni na 19, garuruwan kudancin ƙasar Kano, har da Birnin Kudu da Gwaram, sun sha fama da hare-hare daga wajen Ningi. Kalmar birni kanta tana nuni da ganuwa, ganuwa kuwa mutum ɗaya ba ya gina ta. Za ka iya gaya wa yaro cewa kakanninsa sun haɗa hannu sun kare garinsu, ka sami matashin da zai fito aikin gayya. Za ka iya kuma gaya masa cewa mutanen tsallaken iyaka abokan gaba ne, ka sami mai riƙon gabar da ta mutu fiye da shekara 100, alhali yau kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya. Haka zanen shanun Dutsen Habude. Shaida ce cewa kiwo ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Ƙungiyar manoman da ta sa wannan a labarinta, zamanta da makiyaya zai bambanta da na wadda ta ɗauka jiya suka zo.

Su ma tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da ta samo asali tun zamanin Turawa, wadda Alhaji Aliko Ɗangote yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta, me ke dawo da su taron ƙungiyarsu ta BIKOBA da furfurarsu? Babu dokar da ta tilasta musu. Labarin ɗakin kwana ne da na malaman da suka hore su.

To, yanzu me za mu yi?

A ƙidayar 2006, Birnin Kudu tana da mutum fiye da 300,000, Gwaram fiye da 270,000, kuma yau an fi haka nesa ba kusa ba, galibi matasa. Daga Sundimina zuwa Kiyako, daga Fagam zuwa Basirka da Farin Dutse, da wuya ka sami garin da babu ƙungiyar ci gaba ko ta ɗalibai ko ta 'yan kasuwa ko ta masu noman rani. Nawa ne a cikinsu za su ga 2040? Ga abin da na koya, bayan na sha ƙasa.

Ku nemi waɗanda suka kafa ƙungiyarku, ko dattawan da suka san yadda aka gina makarantar garinku ko masallacin Juma'a ko rijiyar farko, ku ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Wayar da ke ɗaukar bidiyon biki za ta iya wannan.

Ku rubuta labarin a shafi ɗaya, da Hausar da kowa zai gane, a karanta wa duk sabon shiga kafin a karɓi kuɗin rajistarsa. A sa har da inda aka yi kuskure. Labarin da babu faɗuwa a cikinsa kirari ne, kirari kuwa ba ya hana a maimaita ɓarna.

Ku ɗora littafin ma'aji kusa da wannan shafi. In labarin ya ce don marayu aka taru, littafin kuma ya nuna rabin kuɗin a walimar rantsar da shugabanni ya tafi, to labarinku na gaskiya shi ne wanda ke cikin littafin ma'aji.

Kafin ku karɓi kyautar ɗan takara ko tallafin wata ƙungiya daga waje, ku tambayi kanku, in muka karɓa, wane labari yaran da za su shigo baɗi za su ji a kanmu? Ba kowace kyauta ce abin ƙi ba, amma kowace tana zuwa da nata labarin.

Ku duba wa aka bari a waje. In labarinku babu mata a ciki, babu waɗanda suka zo garin daga baya, babu mutanen ruga, to tsarinku ma ba zai tuna da su ba.

Sannan duk bayan 'yan shekaru ku zauna ku tambaya, matsalar da ta tara mu tana nan yadda take, ko ta sauya kama? Waiwaye adon tafiya ne, amma mai tafiya gabansa yake kallo.

Waɗancan mutum takwas na 1950 ba su san za a yi wata jiha mai suna Jigawa ba, balle su san za a yi wani fili a Dutse da talaka zai tsaya ya yi magana sarki na saurare. Sun dai zaɓi labarin da za su ba da, suka jure a kansa. Kai da ke shugabantar ƙungiyar unguwarku, ke da ke riƙe da adashin matan layinku, in an tara yaran da suka shigo bana aka ce su faɗi yadda aka fara da dalilin da ya sa aka fara, me za su ce? Ku gwada a taronku na gaba, ku rubuto mana abin da kuka ji.